Inna a Kujerar Baya

Na san abin da kuka ji game da rasuwar kakarku. Kun ji shi a bakin kawunku Sani, kun ji shi a bakin matan da ke rage murya idan na shigo gidan biki. An ce na ɗauko Inna daga gadon asibiti a Abuja, na sa ta a jirgi, na sa ta a motar haya, na yi ta jan ta a hanya har rai ya fita, don kawai ni mace ce da ba a gaya mata ta ji. Na bar maganar haka shekara da shekaru ban gyara ba, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma domin laifin da aka ɗora mini ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda na yi. Yanzu ƙafa ta fara ƙi, ido sai da tabarau. Gara ku ji daga bakina.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A Faru, garin su Inna, a zamaninsu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ana yaye ni aka kai ni Talata Mafara wurin kakata ta wajen uba. Can na girma, can na fara tallan gyaɗa ranar kasuwa, can na koyi sanin shinkafa da ido tun kafin a sa mata tiya. Sunana Sa'adatu, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. "Ta Mafara" take ce mini, kuma ba ni take gaya wa ba, wanda ke kusa take gaya wa. Idan na je Faru da sallah na durƙusa na gaishe ta, sai ta dubi bango ta amsa a taƙaice, sannan ta juya wurin ƙanena Sani.

"Ka ce ma ta Mafara ga hura nan."

Ina zaune taku biyu daga tabarmarta. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Furar da ake ajiye mini ita ce ta fi nono, kuma duk sanda na tashi tafiya zan sami ƙullin daddawa a jakata ban san lokacin da aka sa ba. Kunya ce. Yawancin mata suna sassautawa idan 'ya'ya sun girma sun yi nasu 'ya'yan. Inna ba ta sassauta ba, ni kuma na saba, ko dai na ɗauka na saba. Sana'ata ma ta zo daidai da haka. Dillanci na yi duk rayuwata, daga buhu ɗaya har na kai ina loda manyan motoci zuwa kudu. Aikina shi ne tsayawa tsakanin mutum biyu da ba sa son su dubi juna su faɗi abin da ke ransu. Don haka ban ga wani abin mamaki ba a ce ni da mahaifiyata ma sai da dillali.

Da mutanen daji suka matsa wa yankinmu, noma ya zama sai da izini, barci ya zama rabi da rabi, na aika aka ɗauko Inna zuwa gidana a Abuja. Ba ta so ba. Damina uku ta yi a ɗakin da na shimfiɗa mata kafet, amma a ƙasa take kwana, bisa tabarmar da ta zo da ita. A gidan nan ke, Hadiza, ke ce bakinmu. Kina tuna yadda kike zirga-zirga tsakanin falo da ɗakinta kina dariya, kina cewa ya kamata a riƙa ba ki la'ada. A damina ta uku ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya idan ta kwanta. Muka kai ta asibiti. Bayan kwanaki likita ya kira ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, magani zai rage wahala ne kawai, saura kuma na Allah ne. Ban gaya mata ba. Ba ta bukaci a gaya mata ba. Washegari ina tsaye a bakin gado ta kira ki.

"Hadiza, ki ce mata a maishe ni gida. Nan in na mutu, wa za ya wanke ni? Waɗanga masu sa roba ga hannu?"

A nan ne ya kamata in gaya muku labarin Gwaggo Asabe. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, gidajensu katanga ɗaya. Tun kafin a haifi da yawa daga cikinku suka yi alkawari a tsakaninsu: duk wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta, ba wata ba. Har farin yadi suka sa na saya musu a kasuwar Mafara, ban san na mene ne ba, suka raba biyu, kowa ta ajiye likkafaninta. Gwaggo Asabe ta girmi Inna, ta ƙi barin Faru ko da aka yi gudu, kuma ba ta iya doguwar tafiya. Kun san yadda muke: inda mutum ya cika, nan ake sallatarsa, kafin rana ta juya an rufe. In Inna ta mutu a Abuja, alkawarin ya tashi. Abin da ya rage kawai shi ne ta isa gida da ranta.

Na yi lissafin tafiyar kamar yadda nake yi wa kaya masu lalacewa. Mota daga Abuja yini guda ce, ba za ta jure ba. Jirgi zuwa Sakkwato bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba, daga nan mota. Na zaɓi Talata da gangan, domin ranar kasuwar Mafara hanyar Maradun tana da jama'a, idan aka bi ayarin masu komawa gida da la'asar an fi samun sauƙi. A Maradun akwai Kawu Iro, ƙanen Inna, shi zai san yadda za a ƙarasa Faru da safe. Likita ya ce ba ya so, amma ya rubuta takardar da za a bar ta ta hau jirgi, ya ba ni ƙwayoyin da za a sa mata ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe. Ke Hadiza cikinki ya tsufa, ba a barin ki hawa jirgi. Haka muka tafi mu biyu.

A filin jirgi an tura ta a keken marasa lafiya. Wurin bincike wata ma'aikaciya ta buɗe jakarta ta ciro farin yadin a naɗe, ta tambaya ko na sayarwa ne.

"Kayan tahiya na, ɗiyata," in ji Inna. "Mai da min a hankali, kar ya taɓa ƙasa."

Ɗiyata. Yarinyar da ba ta taɓa gani ba. Na ɗauke kai na dubi allon da ke nuna lokacin tashi. A cikin jirgi na ba ta kujerar taga. Ba ta taɓa hawa ba, amma ba ta nuna tsoro ba, carbi kawai take ja. Da aka kawo abinci ta riƙe hannun ma'aikaciyar jirgin.

"Ki ce ma wagga ta kusa gare ni ta ci nawa. Tun sahe ba ta sa komi ga baki ba."

Ma'aikaciyar ta dube ni, ta dube ta.

"Mama, ba tare kuke ba?"

"Tare muke."

"To ai ga ta nan, Mama."

"Na gan ta," in ji Inna, ta juya ga taga.

Na ci nawa na ci nata, duk da ba na jin yunwa.

A Sakkwato na riga na yi magana da wani mai ba da hayar motoci da na sani tun yana harkar shinkafa. Ya aiko da mota mai sanyi da direba, wani dattijo mai furfura a gemu, Malam Garba. Muka kwantar da Inna a kujerar baya da matashi biyu, na zauna gaba. Ba mu fita gari ba suka saba. Ta tambaye shi garinsu, ta tambaye shi iyayensa, ta ce masa yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, in haka za a yi gara a samo mata jaki. Shi kuma ya ce ai amarya ya ɗauko, ba a gudu da amarya. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Wata uku ban ji dariyarta ba. Damina ta yi kyau a shekarar, ko'ina kore, tana ta nuna masa gonaki tana faɗin wanda aka yi wa noma da kyau da wanda rago ne mai shi. Can wajen Tureta sai na ji ta sauya magana.

"Wagga da kake gani gaba, Malam Garba, haka take tun tana goye. Da haƙori biyu ta cije ni har jini. Ran da anka zo ɗaukar ta zuwa Mahwara ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe min bakin zane, sai da anka ɓamɓare yatsun ɗai-ɗai."

"Ke fa, Inna, kin yi kuka?" in ji Malam Garba.

"Kai, dubi hanyarka."

Ina da jikoki a lokacin, amma ban taɓa jin wannan labarin ba. Ban san na riƙe zane ba. Na zauna ina kallon titi. Abin da na ji ba daɗi ba ne. Kwaɗayi ne. Na ce a raina, matar nan kwanakinta ƙidayayyu ne, kuma duk abin da take da shi game da ni sai dai in tsinta a bakin direba. A nan tunanin ya shige ni, kuma na san irinsa, domin na sha yin sa a kasuwa: idan kana son mutum ya yi maka magana kai tsaye, ka janye duk wanda ke tsakaninku.

Muka ratse zuwa Bakura da azahar, gidan Sani. Kun san kawunku, malami ne, mutum mai tsoron Allah, kuma shi ne ɗan lelen Inna. Da ya ga yadda aka fito da ita daga mota, mutum biyu na riƙe da ita, fuskarsa ta canza. Matarsa Rabi ta kai ta ɗaki, ta yi mata alwala, ta yi salla a zaune, ta kurɓi kunu kaɗan. Sani ya ja ni zaure.

"Yaya, wannan ba tahiya ba ce. Ki dubi leɓɓanta. Ku kwana nan, in ta ji sauƙi a ƙarasa."

"Ba sauƙin da ke zuwa, Sani. In ba yau ba, sai wata Talata, kuma ba ta da wata Talata."

"To ta cika nan mana. Ɗakin ɗanta ne. Wankan gawa kowace musulma ta iya, Rabi ma ta iya. Alkawarin tsofaffi biyu bai kai a sa rai cikin hatsari ba."

"Je ka gaya mata haka."

Ya je. Ina jin su ta labule. Ta bar shi ya gama wa'azinsa tsaf, sannan ta ce masa karatunsa ya yi kyau, Allah ya ƙara, a ɗauko mata takalmanta. Ku rubuta wannan a ranku: ita ta ce a tafi. Abin da kawunku ke faɗa cewa na fizge ta daga gidansa ba haka ba ne. Amma ga abin da ba ya faɗa, domin bai san muhimmancinsa ba. Muna shirin shiga mota Rabi ta fito da mayafinta a kafaɗa.

"Yaya, bari in bi ku. In zauna baya da ita, ko ruwa in riƙa ba ta."

Na ce mata a'a. Na ce hanya ba ta da kyau, tana da ƙananan yara, ba za a tara mata uku a mota ɗaya ba. Duk wanda ya ji ya ce na yi hankali. Sani ma ya gyaɗa kai. Rabi ta mai da mayafinta ta koma ciki.

Mun iso Talata Mafara kasuwa tana ci. Shekara nawa ban ga garin a ranarsa ba: amalanke, babura, buhunan shinkafa jere a bakin titi, warin albasa da na man gyaɗa. Malam Garba ya tsaya kusa da tasha ya kashe mota, ya ce mai motar ya ce iyakarsa nan, direbobinsa ba sa shiga hanyar Maradun. Na san da haka tun a Abuja. Na kira mai motar, na ce ya bar mini ita a wuyana, ni zan tuƙa, in wani abu ya same ta ya san inda zai same ni. Ya ce Allah ya tsare. Malam Garba ya fito ya tsaya yana juya makullin a hannu, yana leƙen Inna ta taga.

"Hajiya, ni dai raina bai kwanta ba. In kin yarda in kai ku kawai. Ba sai mai mota ya ji ba."

"Kana da iyali, Malam. Kawo makullin. Jibi ka same ni nan."

Ya miƙo. Inna ta ɗago kai daga matashi.

"Kai ma gudu za ka yi, ango?"

"An kore ni ne, Inna."

"To. Ka ce mata ta bi a hankali, hanyar ga ramu gare ta."

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinta, kuma ita ma ba ni aka yi wa ba.

Na jira har motocin 'yan kasuwa suka fara fita, na bi bayan wata a-kori-kura cike da buhuna da mutane a sama. Na gyara madubi yadda zan riƙa ganin ta. Ta jingina kai da taga, mayafi ya rufe rabin fuska, carbi a hannun dama. Ƙwayoyin likita suna cikin jakata a kujerar gefe. Muka wuce gonakin shinkafa, muka shiga inda gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, har bakin kwalta. Duk wanda ya san yankin a shekarun nan ya san abin da dogon gero ke nufi. Mutanen da ke saman a-kori-kura sun daina hira, kowa ido a gona. Muka wuce wani ƙauye da na sani da rumbuna da yara a bakin hanya, yanzu ba kowa, rufin ɗakuna ya zube, ciyawa ta fito a ƙofar masallaci.

A cikin motar ba abin da ake ji sai iskar na'urar sanyi. Karo na farko ke nan tun da aka yaye ni da muka kasance mu biyu ba na uku. Na shirya abin da zan ce tun daga Bakura, amma na riƙe. A ciniki wanda ya fara buɗe baki shi ke sauka, na daɗe da sanin haka, kuma jikina ya saba da jira. Na ce bari ta bukaci wani abu. Ruwa, ko a rage sanyi, ko a tsaya. Ba Hadiza, ba Sani, ba Malam Garba. Dole ta ce wani abu, kuma dole ni za ta ce wa.

Sai na ji an taɓa bayan kujerata. A hankali, kamar da yatsa biyu. Na dubi madubi, na ga hannunta a miƙe, fuskar tana nan a rufe. Ban juya ba. Ban ce komai ba. Na ce a raina, saura kaɗan, yanzu za ta kira. Aka sake taɓawa, sau ɗaya, ya fi na farko rauni. Na riƙe sitiyari na ci gaba da jira. Daga nan ba a ƙara ba. Da na sake duban madubi hannun ya koma kan cinyarta, sai na ce kunya ta rinjaye ta, ta fasa. Har haushi na ji. Na ƙara wuta na matsa kusa da a-kori-kura.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wurin ba wurin tsayawa ba ne, kuma gaskiya ne, ba mai hankalin da zai taka birki a tsakiyar geron nan. Amma ba sai na tsaya ba. "Inna, mi kike so?" bai fi numfashi ɗaya ba. Ƙwayar tana nesa da hannuna da taki ɗaya, da na miƙa ta baya ina tuƙi. Ban ce da ta rayu ba, likita ya riga ya faɗi abin da ya faɗa. Wataƙila da ta kai safe. Safe kawai muke nema.

Mun shiga Maradun rana ta yi sanyi. A shingen bakin gari aka leƙa aka ga tsohuwa na barci, aka ɗaga mana hannu. Na tsaya a ƙofar gidan Kawu Iro, ya fito da sauri yana gyara hula, ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa.

"Yaya, sannu da hanya. Kun sha tahiya. Ina gajiya? Yaya jikin?"

Ya jira. Ya sake gaisuwar daga farko, kamar yadda ake yi wa babba idan bai ji ba. Sannan ya ɗaga mayafin. Ina tsaye a bayansa da jakarta a hannu. Ya daɗe a durƙushe, ya yi salati a hankali, ya shafa idanunta, ya ɗago ya dube ni.

"Sa'adatu, tun yaushe?"

Ban sani ba. Har yau ban sani ba. Na tuƙa mahaifiyata tana gawa, ko rabin hanya, ko fiye, ina jin haushinta don ta ƙi magana. Shirun da ke tsakaninmu ya yi shekara hamsin da wani abu, bai canza kama ba da rai ya fita, shi ya sa ban gane ba.

Maza suka taru suka ce a yi sauri a rufe ta kafin magariba. Aka kira Sani a waya, ya ce haka sunna ta ce, kada a jinkirta. A nan ne na yi taurin kan da ake faɗa, kuma wannan ban yi nadamarsa ba. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita, na ce ba macen da za ta taɓa ta sai Asabe ta Faru. Liman ya aiko, Kawu ya lallashe ni, na ce su yi haƙuri, na kasa kai ta Faru, ba zan kasa wannan ba. Daga ƙarshe babban ɗan Kawu, magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ya ce zai tafi da babur idan gari ya waye, ya san hanyar da ake bi ta cikin gonaki.

Da hantsi suka iso. An ɗaure Gwaggo Asabe a bayansa da zane kamar goyo, don kada ta faɗi, ƙafafunta duk laka. Aka kwance ta, aka sauke ta, ta ƙi a riƙe ta. Ta shiga ɗakin da sandarta, ta tsaya a kan gawar, ta daɗe tana kallo.

"Kin riga ni, makira. Kullum ke ce mai gaggawa. To ni wa kika bar min?"

Ta sa aka kawo ruwa da ganyen magarya, ta kori kowa, ta nuna ni da sanda.

"Ke tsaya. Hannuna ba ya ɗaukar buta. Ke za ki zuba, ni in wanke."

Ban taɓa ganin jikin Inna ba sai ranar. Ta ƙanƙance, sai ƙafafun da suka kumbura. Gwaggo Asabe tana wankewa tana yi mata hira ƙasa-ƙasa, tana ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya gudu, da akuyar da aka sace mata. Da muka zo kan hannun dama ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko ta bar wata magana. Ita kaɗai na gaya wa, sai ku yau. Na ce ta taɓa kujerata sau biyu, ban juya ba, ina jira ta kira sunana. Na ɗauka za ta zage ni, ko ta ce mini ba komai, Allah ya riga ya rubuta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da murza yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ko ruwa take so, ko magani, ko ke. Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Zuba."

Na zuba.

An rufe ta a Maradun, cikin yadin da na saya da hannuna. Sani ya iso ana dawowa daga maƙabarta. Ya karɓi gaisuwar kowa, da ya zo kaina ya ce Allah ya ba mu haƙuri, kamar yadda zai ce wa maƙwabciya. Daga ranar zumuncinmu ya koma na sallah da suna. Ban ga laifinsa ba. Yana ganin tafiyar ce ta kashe ta. Da ya san Rabi ta so bin mu don Allah, ni kuma na hana don kaina, ban san ko gaisuwar sallar ma za ta rage ba. Idan wannan rubutun ya kai hannunsa, to ya kai. Gwaggo Asabe ta rasu a Faru kafin wata damina, a lokacin da hanya ta rufe gaba ɗaya. Ban sami zuwa ba. Maƙwabta ne suka wanke ta.

Bayan addu'ar uku na mai da motar Mafara. Malam Garba yana nan a tasha, kwana biyu ya ƙara yana jira. Ya karɓi makulli, ya dubi kujerar baya, bai tambaye ni komai ba har Sakkwato. A filin jirgi ina zaune da jakarta a kan cinya, na ciro waya. Hadiza, ke ce 'yar farina, kuma kin san ni ma haka na yi miki. Ban kai Inna ba, muna hira, muna dariya, amma "ke" nake ce miki, ko "yarinyar nan", ko in aika ƙannenki. Na kira ki, kika ɗauka, na ce, "Hadiza." Kika ce, "Wa ke magana?" Lambata ce a gabanki, muryata ce, amma ba ki taɓa jin su tare da sunanki ba.

Tun daga ranar nake kiran ki da suna a gaban kowa, tsofaffin garinmu suna cewa Abuja ta cire mini kunya. Su faɗa. Ni ba ni da ƙawar alkawari, kasuwa ba ta bar mini lokacin yin ta ba, don haka ke za ki wanke ni, ƙannenki mata su zuba ruwa. Kuma idan ta kama ku ɗauke ni a mota zuwa wani wuri a ƙarshe, kada ku bar ni ni kaɗai a baya. In kuma dole ce ta sa kina gaba, kika ji an taɓa kujerarki, ki juyo.